WA KE RIƘE DA KYAMARAR? Jawabi a kan yadda ƙananan fina-finan Ingila ke nuna gidan Musulmi

Wannan jawabi ne da wani ɗan'uwa malamin makaranta, wanda ya yi wasu shekaru yana karatu a Ingila, ya gabatar a wani zaman tattaunawa na ɗalibai. Maudu'in da aka ba shi shi ne yadda ƙananan fina-finan Turawa ke nuna tsirarun al'ummu, shi kuma sai ya zaɓi ya tsaya a kan wani ɓangare da mutane ba su cika son taɓawa ba. A sha karatu lafiya.

Bayan hamdala da salati ga Manzon Allah (S), Malamin ya fara da neman afuwar mahalarta. Ya ce ya san abin da zai yi magana a kai yana da nauyi a baki, musamman ga shi akwai manya a wurin, amma rashin faɗar abu ba ya hana shi kasancewa. Ya ce akwai wani nau'in fim da ya yaɗu a Ingila da Amurka tun daga tsakiyar shekarun 1980, wanda kusan labarinsa ɗaya ne. Saurayi ne zai taso ya ga zuciyarsa ta karkata ga namiji ɗan'uwansa, yana ɓoyewa, yana cikin fargaba, har a zo ranar da zai fito fili ya gaya wa iyayensa ko abokansa. Wannan rana ita ce ƙashin bayan fim ɗin, duk abin da aka nuna kafin ta share fage ne.

Ya ce hukuncin luwaɗi a fiƙihu sananne ne ga duk wanda ya zauna gaban malami, kuma ba shi aka taru a tattauna ba. Abin da ya kawo shi daban ne. A cikin waɗannan fina-finai akwai waɗanda saurayin ɗan gidan Musulmi ne, kuma ɗimbin Turawan da ba su taɓa taka ƙofar gidan Musulmi ba, ta nan suka fara leƙa shi. To me suka gani da suka leƙa? Wane irin uba aka nuna masu, wace irin uwa? Kuma wa ya riƙe kyamarar, wa ya biya kuɗin? Ya ce a ƙidayar 2021 Musulmin Ingila da Wales sun kai miliyan 3.9, wato kashi 6.5 cikin ɗari na jama'a, saboda haka hoton da ake yi masu ba wasa ba ne, yana bin ɗansu har makaranta, yana bin ubansu har wurin neman aiki.

ABIN DA AKE NUFI DA FIM MAI ZAMAN KANSA

Malamin ya ɗan tsaya ya fayyace wannan. Ya ce fim mai zaman kansa shi ne wanda ba manyan kamfanonin Hollywood ne suka ɗauki nauyinsa ba. Kuɗinsa kaɗan ne, 'yan wasansa galibi ba sanannu ba ne, kuma da'awar masu yin sa ita ce su ne muryar wanda ba shi da murya. A Ingila babbar ƙofar da ta buɗe wa irin wannan fim ita ce tashar talabijin ta Channel 4, wadda ta fara aiki a Nuwamban 1982, aka kuma ɗora mata nauyin kula da masu kallon da sauran tashoshi ba sa yi domin su. Ta nan ne baƙar fata da 'yan asalin Indiya da Pakistan suka fara samun ɗan abin yin fim. Daga baya, tun daga 1995, sai aka shiga zuba wa harkar wani kaso na kuɗin cacar ƙasa, wanda daga 2011 Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya, wato BFI, ta karɓi rabon sa. Ya ce a riƙe wannan, domin zaman kan nan da ake faɗa yana da iyaka. Akwai kwamiti da ke karanta labari ya ce wannan za a ba shi kuɗi, wancan ba za a ba shi ba. Bahaushe kuwa ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ya kuma tunatar da cewa ita kanta Ingila ba ta daɗe da canja matsayi a kan wannan mas'ala ba. Sai a 1967 aka cire hukuncin laifi a kai a Ingila da Wales, shi ma ga waɗanda suka kai shekara 21. A 1988 gwamnatin Margaret Thatcher ta kafa wata doka da aka fi sani da Sashe na 28, wadda ta hana ƙananan hukumomi yayata shi, ba a kuma soke ta a Ingila ba sai 2003. Ma'ana, a lokacin da ake yin akasarin waɗannan fina-finai, gidajen Turawa da kansu suna cikin wannan dambarwa. Wanda ya kalli fim ya ɗauka gidan Musulmi ne kaɗai ake rufe ƙofa, to bai san tarihin ƙasar ba.

GIDAN WANKI A KUDANCIN LANDAN

Fim na farko da ya ɗauka shi ne My Beautiful Laundrette na 1985, wanda Stephen Frears ya ba da umarni, Hanif Kureishi ya rubuta. Shi Kureishi haifaffen Landan ne a 1954, mahaifiyarsa Baturiya, dangin mahaifinsa kuma suna Pakistan. Don talabijin aka yi fim ɗin, da kuɗin da bai kai fam miliyan 1 ba, sai da aka nuna shi a bikin fina-finai na Edinburgh aka ga yadda ya karɓu, sannan aka kai shi sinima, har sunan Kureishi ya shiga takarar kyautar Oscar ta rubutu.

Labarin Omar ne, saurayi ɗan Pakistan a kudancin Landan. Mahaifinsa tsohon ɗan jarida ne mai ra'ayin gurguzu, wanda baƙin ciki da giya suka kwantar, ba abin da yake so illa ɗansa ya koma makaranta. Baffansa Nasser ɗan kasuwa ne mai kuɗi, yana da mata a gida, yana da farkarsa Baturiya a waje. Shi ya ba Omar wani tsohon shagon wanki na inji ya ce ya farfaɗo da shi. Omar ya jawo abokinsa na yarinta, Johnny, Bature talaka wanda a baya ya taɓa shiga jerin gwanon masu ƙin baƙi, ya ɗauke shi aiki, kuma akwai soyayya a ɓoye tsakaninsu. Kuɗin gyaran shagon ma daga sayar da ƙwayar wani ɗan'uwan Nasser mai suna Salim suka samo shi.

Malamin ya ce abu biyu ya kamata a lura da su. Na farko, a wannan fim babu ranar fitowa fili. Har aka gama Omar bai tsaya gaban ubansa ya ce masa komai ba, hasali ma Nasser so yake ya aura masa 'yarsa Tania. Na biyu, addini kusan babu shi. Ba masallaci, ba salla, ba malami. Mutanen nan ta kuɗi suke, ta siyasa, ta wariyar launin fata, ta zamanin Thatcher da kowa ke cewa kaina. Wuri ɗaya da aka taɓo wani abu mai kama da imani shi ne inda Bilquis, matar Nasser, ta haɗa wani asiri ta jefi kishiyarta ta waje, ƙuraje suka feso mata a jiki. Ya ce ku duba, a fim ɗin da kowa ke da bakin magana, matar gida sihiri aka ba ta.

Da fim ɗin ya fito, wasu 'yan Pakistan sun fusata, har a birnin New York an yi zanga-zanga a ƙofar sinima. Kukansu shi ne, an daɗe ba a ga fuskarmu a majigi ba, yau da aka gan mu sai a matsayin mashaya, mazinata da dillalan ƙwaya? Shi kuwa Kureishi matsayinsa shi ne marubuci ba kakakin al'umma ba ne, ba aikinsa ba ne ya yi mata kwalliya. Malamin ya ce kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, kuma masana irin su Kobena Mercer, wanda mahaifinsa ɗan Gana ne, sun yi rubutu a kan wannan matsala, suka kira ta nauyin wakilci. Bature zai iya yin fim a kan mashayi ɗari, ba wanda zai ce haka Turawa suke, domin akwai wasu fina-finan dubu da ke nuna likitansu da manominsu da malaminsu. Amma al'ummar da fim ɗaya take samu a shekara goma, to wannan ɗayan shi ne hotonta baki ɗaya. Ya ƙara da cewa ko ɗan wasan da ya fito a Omar, Gordon Warnecke, ba ɗan Pakistan ba ne, mahaifinsa Bajamushe ne, mahaifiyarsa 'yar Guyana mai asalin Indiya. Bayan fim ɗin, Daniel Day-Lewis da ya fito a Johnny shi ne ya zama tauraro har ya ci Oscar sau 3. Warnecke bai samu irin wannan hanya ba.

UBA BIYU, MA'AUNI BIYU

A nan ne Malamin ya fi daɗewa. Ya ce yana son a ajiye fina-finai biyu kusa da juna a auna.

Na farko shi ne Beautiful Thing na 1996, wanda Hettie Macdonald ta ba da umarni, shi ma da kuɗin Channel 4. Samari biyu ne Turawa, Jamie da Ste, maƙwabta a rukunin gidajen gwamnati na Thamesmead a Landan. Uban Ste mashayi ne, shi da yayan yaron suna jibgar sa har jikinsa duk tabo. Uwar Jamie kuwa, Sandra, mai aiki a mashaya, mace ce mai zafi. Da ta gane halin da ɗanta ke ciki ta girgiza, ta yi faɗa, amma fim ɗin ya ba ta lokaci, mai kallo ya bi ta a hankali har ta kai ga ta tsaya wa ɗanta a gaban 'yan unguwa. Shi kuwa uban Ste, ba wanda ya fito daga sinima ya ce haka Kiristoci suke, ko haka Ingilishi suke. Mugun uba ne, mashayi, shi ke nan. Laifinsa a kansa ya tsaya.

Na biyu shi ne East is East na 1999, wanda Damien O'Donnell ya ba da umarni, Ayub Khan-Din ya rubuta daga wasan kwaikwayonsa na dandamali na 1996. An gina labarin a Salford, kusa da Mancesta, a shekarar 1971, lokacin da ake yaƙi a kan Gabashin Pakistan. George Khan yana da shagon soyayyen kifi da dankali, yana da mata Baturiya mai suna Ella da 'ya'ya 7, ga kuma uwargida da ya bari a Pakistan. Malamin ya ce masu kallon fina-finan Indiya a cikinku za su gane wanda ya fito a George, domin Om Puri ne, wanda ya rasu a 2017.

Tun a farkon fim ɗin, babban ɗa, Nazir, ya tsere daga wurin ɗaurin auren da ubansa ya haɗa masa, ana tsaka da taro. George ya cire hotonsa daga bango, ya ce ɗansa ya mutu. Sai can gaba ƙannensa suka je suka same shi a garin Eccles, yana aiki a wani shagon huluna na 'yan gayu, yana tare da wani namiji. Fim ɗin bai tsaya a kan Nazir ba. Bai nuna mana me ya ji ba ranar da aka ce ya mutu, bai nuna dararen da ya yi yana tunanin uwarsa ba. An kawo shi ne don a ɗan yi dariya, kuma don a ƙara wa uban nauyin laifi. Malamin ya ce wannan rashin adalci ne ga shi kansa saurayin, domin an mai da shi kayan aiki a labarin wani.

Shi kuwa George, duk abin da ya yi da sunan addini yake yi. Yana tilasta wa yara zuwa makarantar masallaci, su kuma suna cin naman alade a ɓoye idan ya fita. Ya sake haɗa wa 'ya'yansa biyu aure ba da saninsu ba da 'ya'yan wani mutumin Bradford, aka kuma zana 'yan matan da muni don mai kallo ya yi dariya. Ya doki matarsa har ya fasa mata fuska. Ya doki Maneer, wanda shi kaɗai ne mai riƙo da salla a cikin yaran. An kashe fam miliyan 1.9 wajen yin fim ɗin, ya kawo sama da fam miliyan 10 a Birtaniya kaɗai, ya kuma ci kyautar BAFTA ta fim ɗin Birtaniya mafi kyau. Ma'ana, ga dubban ɗaruruwan mutane, wannan shi ne uba Musulmi. Uban Ste ya doki ɗansa, aka ce giya ce. George ya doki nasa, aka ce Musulunci ne.

Amma Malamin ya ce kada 'yan'uwa su yi saurin jin daɗin wannan magana, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ayub Khan-Din ba Bature ba ne da ya zauna ya ƙaga. Ɗan gidan ne, a Salford ya tashi, uban ɗan Pakistan, uwar Baturiya, kuma ya sha faɗa cewa daga gidansu ya ɗebo labarin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Auren dole yana faruwa. Dukan mata yana faruwa. Uba ya ce ɗansa ya mutu alhali yana raye, shi ma yana faruwa. Ya ce shi a zamansa na can ya ga yaran da aka kora daga gida saboda dalilai iri-iri, kuma titin Landan cikin sanyi ba ya gyara kowa, ƙwaya da masu cin zarafi ne ke jiran yaro a can. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Duk wanda zai kare George don kawai sunansa Khan, to ƙabilanci yake yi, ba addini ba. Ƙorafin da ya halatta shi ne a ce, ina sauran ubannin? Ina uban da ya ji labarin da ya karya masa zuciya, bai yarda da abin ba, amma bai ɗaga hannu ba, bai kuma rufe ƙofa ba? Irin wannan uban yana nan da yawa, amma labarinsa ba ya da ihu, kwamitin raba kuɗi kuwa ihu yake so.

IDAN UBAN NE BA YA SALLA

Daga nan ya ɗan ratsa ta kan My Son the Fanatic na 1997, duk da cewa ba ya cikin wancan nau'in, domin ya nuna ɗaya fuskar kwabon. Kureishi ne dai ya rubuta, Udayan Prasad ya ba da umarni, Om Puri ne kuma uban. A nan Parvez direban tasi ne a wani gari na arewacin Ingila, mai shan wiski da sauraren kiɗan jaz, wanda ya shaƙu da wata karuwa. Ɗansa Farid ne ya fasa auren 'yar wani babban ɗan sanda Bature ya rungumi addini, an kuma rubuta labarin ne bayan rikicin littafin Salman Rushdie na 1989. A wannan karon uban ne aka ba zuciya da raha da shakku, ɗan kuma aka ba shi fushi. Malamin da aka gayyato daga Pakistan ya sauka a gidan, shi ma a ƙarshe neman hanyar zama a Ingila yake. Ya ce to ku haɗa lissafin da kanku. Idan uba ne mai addini, shi ne bango, ɗa ne mutum. Idan ɗa ne mai addini, shi ne bango, uba ne mutum. Duk inda aka ajiye sallaya, nan kyamara ke daina shiga zuciya.

WAƊANDA SUKA ƊAN KARKACE

Ya ce adalci ne a faɗi cewa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ya ambaci Touch of Pink na 2004, na Ian Iqbal Rashid, haifaffen Darussalam ta Tanzaniya, inda aka ba uwar saurayin, Nuru, nata tarihin da nata burin da ya rushe, ba a bar ta a matsayin mai gadin ƙofa kawai ba, ko da yake fim ne na barkwanci mai sauƙi.

Wanda ya fi jan hankalinsa shi ne My Brother the Devil na 2012, na Sally El Hosaini, wadda mahaifinta ɗan Masar ne, mahaifiyarta 'yar Wales. Ta zauna a unguwar Hackney ta Landan, ta yi shekaru tana mu'amala da samarin unguwar kafin ta ɗora kyamara. Labarin wa da ƙani ne, Rashid da Mo, 'ya'yan wani direban bas ɗan Masar. Rashid yana cikin gungun masu sayar da ƙwaya, Mo kuma ba shi da gwani sai yayansa. Bayan an kashe abokin Rashid, ya fara janye jiki daga gungun, ya shaƙu da wani mai ɗaukar hoto mai suna Sayyid. Da Mo ya gano abin da ke tsakaninsu, sai kunya ta hana shi faɗa, ya gwammace ya ce wa abokai yayansa ya shiga harkar ta'addanci ne. Malamin ya ce wannan wuri ya isa a tsaya a yi tunani: yaro Balarabe a Landan ya duba sunaye biyun da duniya ta tanadar wa irinsa, ya zaɓi wanda yake ganin ya fi sauƙin ɗauka. A wannan fim haɗarin ba daga masallaci ya zo ba, daga titi ya zo. Iyayen talakawa ne masu fama, ba dodanni ba. Akwai kuma wata yarinya mai hijabi, Aisha, wadda Letitia Wright ta fito a matsayinta, ita ce mai natsuwa da hankali a cikin yaran unguwar. Fim ɗin ya ci kyautar ɗaukar hoto a bikin Sundance na Amurka a shekarar.

Daga Amurkan kuma ya kawo Naz & Maalik na 2015, na Jay Dockendorf. Samari biyu ne baƙar fata Musulmi a unguwar Bedford-Stuyvesant ta Brooklyn, suna yawon tallar turare da tikitin caca, suna zuwa masallaci, suna neman kazar da za su yanka don bikin mahaifiyar ɗayansu. Wata jami'ar hukumar FBI ta tare su da tambayoyi. Saboda suna ɓoye abin da ke tsakaninsu, sai maganganunsu suka saɓa, ita kuma ta ɗauka wani abu daban suke ɓoyewa. Ya ce wannan fim ya gane abin da na baya ba su gane ba, cewa saurayi Musulmi a Amurka bayan 2001 ba tsoron gida kaɗai yake ɗauke da shi ba, akwai na hukuma.

SABON MA'AUNI

Malamin ya ce a 2017 ɗan wasan nan Riz Ahmed, ɗan asalin Pakistan haifaffen Landan, ya yi wani jawabi a majalisar dokokin Birtaniya a kan wakilci a fim da talabijin. Daga wannan jawabi ne wasu mutum biyu, Sadia Habib da Shaf Choudry, suka tsara wani ma'auni da suka sa wa sunansa, mai tambayoyi 5. Idan an nuna Musulmi a fim, shin an danganta shi da ta'addanci? An nuna shi mai fushi ba dalili? An nuna shi mai camfi da ci-baya? An nuna shi barazana ga rayuwar Turawa? Idan namiji ne an nuna shi mai danne mata, idan mace ce an nuna ta a danne? Ya ce ku ɗora George Khan a kan wannan sikeli ku gani, ku ɗora Farid, ku ɗora Bilquis. Sannan a 2021 wani bincike na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya duba manyan fina-finai 200 na Amurka, Birtaniya, Ostareliya da New Zealand daga 2017 zuwa 2019, ya tarar a cikin masu magana 8,965, kashi 1.6 cikin ɗari ne kawai Musulmi. Tun kafin nan, a 2001, Jack Shaheen ya wallafa littafin da ya bi fina-finan Hollywood sama da 900 yana nuna yadda suka zana Larabawa.

Ya ce hukumomin fim na Birtaniya sun fito da ƙa'idojin haɗa kowa da kowa, ana duba su waye a gaban kyamara, su waye a bayanta, kafin a ba da tallafi. Wannan ya ƙara yawan fuskoki, ba musu. Amma ƙirga fuska daban, ba mutum zuciya daban. Za a iya cika fim da masu suna Khan da Ali, a ci jarrabawar kwamiti, alhali labarin shi ne dai na jiya: gida kurkuku, waje 'yanci.

TAMBAYOYI

Da aka buɗe fagen tambaya, wani ɗalibi ya ce, Malam, ke nan kana ba mu shawarar mu nemi waɗannan fina-finai mu kalla? Malamin ya ce a'a, bai ce haka ba, da yawansu akwai wuraren da ba su dace da ido ba, shi ma nazari ne ya kai shi. Abin da yake so ɗalibi ya fita da shi shi ne dabarar tambaya, ko wane fim ya gani, na Turawa ne ko na Indiya ko na gida: wa aka ba zuciya a nan, wa aka mai da bango?

Wani kuma ya ce yana ganin kamar Malam ya tausaya wa samarin da yawa. Malamin ya ce idan yana kukan an zana ubansa ba zuciya, ba zai juya ya zana ɗan wani ba zuciya ba. Ya ce rashin yarda da aiki abu ne, cin mutuncin mutum ko ɗaukar doka a hannu wani abu ne daban, kuma bai san malamin kirki da ya halatta na biyun ba.

Tambaya ta ƙarshe daga ɓangaren 'yan'uwa mata ta zo a rubuce, cewa an yi ta maganar uba, ina uwa? Malamin ya yi murmushi ya ce wannan ta kama shi. Ya ce a East is East uwar da aka ba baki da ƙarfin hali Baturiya ce, Ella, ita ce ke ɓoye wa yara sirri, ita ce ke waya da Nazir a bayan idon mijinta. Uwargidan da ke Pakistan kuwa ko fuskarta ba a gani ba, sunanta kawai George ke ambata idan yana son ya tsorata Ella, sai a ci gaban fim ɗin, West is West na 2010, aka nuna ta. A My Son the Fanatic, Minoo matar Parvez tana kicin mafi yawan lokaci, da malamin nan ya sauka a gidan ma a can take cin abincinta ita kaɗai, a ƙarshe ta haɗa kayanta ta koma Pakistan, kyamara kuma ta tsaya tare da mijin.

Daga nan aka yi addu'a aka tashi, lokacin Magariba ya gabato.